Hoton Almara: Asalin Rigimar Ɗakin Duhu da Kwamfuta

Akwai wata gardama da ta ƙi ƙarewa tsakanin masu ɗaukar hoto, musamman waɗanda suke shiga gasar hotunan almara, watau hotunan da ake nuna abin da ido bai taɓa gani ba, kamar mace mai fukafukai, ko gida a bisa gajimare, ko itaciya tana shawagi a sama da saiwoyinta. Wani ɓangare yana cewa wanda ya zauna gaban kwamfuta ya harhaɗa irin wannan hoto bai isa a jera shi da wanda ya sha wahalar ɗinka sutura, da shirya dandali, da kwana a ɗakin wanke hoto ba. Ɗaya ɓangaren kuwa cewa yake yi kwamfuta kayan aiki ce kurum, ba ta da bambanci da almakashi. Abin da ya ja hankalina a maganar shi ne kalmar "gargajiya" da ɓangaren farko suke tinƙaho da ita. Mu ɗaliban Hausa mun saba da wannan kalma, mun kuma san sau da yawa abin da ake kira gargajiya a yau baƙo ne jiya, har an taɓa korarsa daga gari. Saboda haka na ga ya dace mu koma baya mu ga yadda ita wannan gargajiya ta samo asali.

A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a birnin Faris, inda gwamnatin Faransa ta karrama Louis Daguerre. Shekara ɗaya tak bayan haka, a 1840, wani mutum mai suna Hippolyte Bayard, wanda shi ma ya gano tasa hanyar amma aka yi ko oho da shi, ya ɗauki hoton kansa ba riga, ido rufe, kamar gawar wanda ruwa ya ci. A bayan hoton ya rubuta cewa wai baƙin cikin rashin kulawar gwamnati ne ya sa ya faɗa ruwa. Mutumin kuwa yana nan lafiya lau, ya ƙara fiye da shekara arba'in a duniya. Ashe tun hoto yana jariri aka fara sa shi ya faɗi abin da bai faru ba.

Harhaɗa hoto kuwa larura ce ta kawo shi tun farko. A zamanin ana ɗaukar hoto ne a kan faifan gilashi da aka shafa wa magani, kuma maganin nan ya fi jin hasken shuɗi a kan sauran launuka. Idan mai hoto ya bar kyamara a buɗe har ƙasa ta fito sosai, sai sama ta ƙone ta zama fara fat, ba gajimare ko ɗaya. Dabarar da Gustave Le Gray na Faransa ya yi wajen 1856 da 1857 ita ce ya ɗauki teku a faifai ɗaya, sama a wani faifan, sa'an nan ya buga su biyun a takarda guda. Jama'a suka yi ta yaba hotunan nasa. To, wanda ya iya haɗa faifai biyu me zai hana shi haɗa talatin?

Haka kuwa aka yi. A 1857 wani mutumin Suwidin da ke zaune a Ingila, Oscar Rejlander, ya fito da wani ƙaton hoto da ya sa wa suna The Two Ways of Life, ma'ana hanyoyin rayuwa biyu. A tsakiya ga wani dattijo da samari biyu. Ɗaya ya karkata wajen caca da giya da mata, ɗayan ya nufi wajen ibada da sana'a da taimakon marasa lafiya. Mutanen da ke cikin hoton ba su taɓa haɗuwa wuri guda ba. Daki-daki ya ɗauke su a faifai kimanin 30, ya riƙa rufe wani sashe na takarda yana haska wani, har ya yi mako shida yana aikin. An nuna hoton a babban baje kolin fasaha na Manchesta a wannan shekara, kuma Sarauniya Biktoriya ta sayi kwafi ɗaya. Amma da aka kai shi ƙasar Skotlan sai ƙungiyar masu hoto ta can ta ƙi karɓa saboda tsiraicin da ke ciki, daga baya aka yarda a rataye shi bayan an lulluɓe rabin masha'ar da labule. Shekara ta zagayo, Henry Peach Robinson ya haɗa faifai 5 ya yi hoton wata yarinya tana kwance tana jiran ajali, danginta na kewaye da ita. Yarinyar ba ta da ciwon komai, shiri ne. Masu suka suka ce wannan ba hoto ba ne, aikin faci ne irin na madinki. Robinson bai saurare su ba, a 1869 ma ya wallafa littafi yana koyar da yadda ake yi. A 1889 sai wani likita, Peter Henry Emerson, ya fito da nasa littafin yana ragargazar wannan hanya, yana cewa mai hoto ya fita ya ɗauki abin da Allah ya halitta yadda ya same shi.

Mai karatu zai lura cewa hujjojin da ake jifan mai kwamfuta da su a yau, watau ya yi faci, ya guje wa gaskiya, ya shiga gonar masu zane, su ne aka jefi Rejlander da Robinson da su shekara 130 kafin a fara sayar da Photoshop.

Yanzu bari in ɗan dakata a kan wani labari wanda, a ganina, ya fi duka koyar da darasi. A 1917, a wani ƙauye da ake kira Cottingley kusa da garin Bradford a arewacin Ingila, akwai wasu 'yan mata biyu waɗanda iyayensu mata 'yan'uwan juna ne: Elsie Wright mai shekara 16 da Frances Griffiths mai shekara 9. Sun saba wasa a bakin wani rafi da ke bayan gida, suna dawowa da jiƙaƙƙun kaya ana yi musu faɗa. Sai suka ce ai ƙananan aljanu suke zuwa gani, irin masu fukafukai da Turawa suke ba da labarinsu a tatsuniyoyinsu. Aka yi musu dariya. Elsie ta ari kyamarar babanta, suka tafi rafi, suka dawo. Da uban ya wanke faifan sai ga Frances ta yi tagumi, aljanu suna rawa a gabanta. Shi dai uban bai yarda ba, ya san 'yarsa gwanar zane ce. Uwar ce ta gaskata, har a 1919 ta kai hotunan wani taron masu binciken al'amuran ɓoye a Bradford. Daga nan suka shiga hannun Edward Gardner, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyar, daga shi kuma sai Arthur Conan Doyle.

Wannan Doyle fa likita ne, kuma shi ne marubucin da ya ƙirƙiri Sherlock Holmes, ɗan sandan cikin da ba a iya yi wa wayo. Amma a lokacin ya duƙufa a kan aƙidar magana da ruhin matattu, ga shi ɗansa ya rasu a 1918. Aka kai faifan wurin wani ƙwararre mai suna Harold Snelling ya duba. Ya ce ɗauka ɗaya aka yi, ba a haɗa faifai biyu ba, ba kuma alamar aikin ɗakin duhu. Kamfanin Kodak shi ma bai ga alamar haɗi ba, sai dai ya ƙi ba da takardar shaida. Gardner ya ba yaran sababbin kyamarori, a 1920 suka ƙaro hotuna uku, jimla biyar ke nan. A watan Disamba na 1920 Doyle ya buga labarin a mujallar Strand, a 1922 kuma ya yi littafi sukutum a kai. Sai a 1983, bayan editan mujallar masu hoto ta Birtaniya, Geoffrey Crawley, ya bi diddigin maganar, tsofaffin nan biyu suka amsa cewa aljanun zane ne. Elsie ta kwaikwayo su daga wani littafin yara na 1914, ta ƙara musu fukafukai, suka yanke su daga kwali, suka kafa su a ciyawa da dogayen alluran da mata ke maƙale hula da su. Ita Frances har ta rasu a 1986 tana cewa hoto na biyar na gaske ne.

Abin lura a nan shi ne Snelling bai yi ƙarya ba. Lalle yaran ba su taɓa faifan ba. Hasken rana ya sauka a kan kwali, kyamara ta ɗauki kwali. Da a ce yau za a kafa gasa da dokar "ba a yarda da gyaran komai ba bayan ɗauka", hotunan Cottingley za su wuce sumul, alhali kuwa sun ruɗi mutane shekara 60 da 'yan kai. Hoton Rejlander kuwa, mai faifai 30, za a kore shi tun daga bakin ƙofa, alhali bai ruɗi kowa ba, don shi da bakinsa ya tsaya gaban ƙungiyar masu hoto ta Landan ya bayyana yadda ya yi. A nan nakan tuna da tatsuniyarmu. Mai tatsuniya yakan ce Gizo ya hau sama ya auro 'yar sarki, ba wanda zai kira shi maƙaryaci, domin tun da ya buɗe da "ga ta nan ga ta nanku" kowa ya san irin zancen da za a yi. Amma wanda ya shigo zaure ya ce "yau na ga abin mamaki a kasuwa", to, alhakin gaskiya ya hau kansa. Yaran Cottingley tatsuniya suka yi, manya suka kai ta zaure da sunan labari.

Mu ƙetara Amurka. A can ne aka yi yaƙin da ya fi muni, kuma wanda ya sha kashi shi ne babban gwanin hoton almara na zamaninsa, William Mortensen. Ya yi aiki a Hollywood a shekarun 1920, daga baya ya buɗe makarantar koyon hoto a Laguna Beach ta jihar Kalifoniya. Hotunansa na mayu ne da dodanni da azabtarwa irin ta zamanin da. Yakan yi wa mutane kwalliya da sutura, ya ɗauke su, sa'an nan ya bi takardar da reza da fensir da garin dutse yana kankarewa yana ƙarawa, har hoton ya koma kamar zanen hannu. Littafinsa Monsters and Madonnas na 1936 ya yi kasuwa ƙwarai. To, a 1932 wasu masu hoto a San Faransisko, cikinsu har da Ansel Adams da Edward Weston da Imogen Cunningham, sun kafa ƙungiyar da suka kira f/64, aƙidarsu ita ce hoto ya fito tar, tsantsa, kada ya kwaikwayi zane. A 1934 Adams da Mortensen suka yi ta musayar rubutu a mujallar Camera Craft. Adams ya tsani mutumin nan ƙwarai da gaske. Da abokinsa Beaumont Newhall ya shirya babban nunin tarihin hoto a gidan adana fasahar zamani na New York a 1937, kuma ya rubuta littafin tarihin da ɗalibai suka yi shekaru suna karantawa, sai aka tsallake Mortensen kamar ba a taɓa yinsa ba. Ya rasu a 1965 kusan an manta da shi.

Abin dariya kuwa, shi kansa Adams gwanin ɗakin duhu ne na ƙarshe. Shahararren hotonsa na fitowar wata a garin Hernandez, wanda ya ɗauka a 1941, ya yi shekaru yana sake buga shi, kullum yana ƙara baƙanta sama, har ta koma baƙi ƙirin, abin da ba haka take ba a yammacin da ya ɗauka. Ke nan rigimarsu ba a kan a taɓa hoto ko kada a taɓa take ba. A kan irin taɓawar da manyan gari suka yarda da ita take.

Wanda ya dawo wa hoton almara da martabarsa shi ne Jerry Uelsmann, wanda ya fara koyarwa a Jami'ar Florida a 1960. Yakan jera na'urorin haska fim da yawa a ɗakin duhu, kowace da nata fim, ya riƙa ɗaukar takarda guda daga wannan zuwa waccan, yana tare haske da hannu ko da kwali, har a sami gida ya tsiro daga saiwar itace, ko kwale-kwale yana yawo a sararin sama. A 1967 gidan nan na New York da ya taɓa tsallake Mortensen ya shirya wa Uelsmann nuni shi kaɗai. Har ya rasu a 2022 bai bar ɗakin duhu ba. Maggie Taylor kuwa, wadda ta daɗe tana aurensa, da kwamfuta take harhaɗa nata hotunan almarar. Gida ɗaya, hanya biyu, ba wanda ya kori wani.

Ita kwamfuta ta shigo da abin kunya tun farko. A watan Fabrairu na 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza ta Masar kusa da 'yar'uwarta don hoton ya shiga bangon mujalla, aka kuwa yi ta surutu. A 1990 kamfanin Adobe ya fara sayar da Photoshop, wanda wasu 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙira. Duk wanda ya buɗe shi zai tarar da kayan aikin ɗakin duhu ne aka kwaso har da sunayensu: tare haske, ƙona wuri, rufe sashe. Abin da ya sake shi ne lokaci da kuɗi, da kuma damar komawa baya idan an yi kuskure. Aikin mako shida na Rejlander ya zama na yini guda ko ƙasa da haka. Ina jin wannan ne ainihin abin da ke ci wa masu hanyar da rai, kuma ban ga laifinsu ba. Ɗauki misalin Kirsty Mitchell ta Ingila, wadda bayan rasuwar mahaifiyarta a 2008 ta shiga yin jerin hotunan da ta kira Wonderland, daga 2009 zuwa 2014, don tunawa da tatsuniyoyin da uwar ke karanta mata. Da hannunta ta ɗinka suturun, wasu sai da ta yi watanni a kansu, ta jira lokacin da furanni za su buɗe a daji kafin ta ɗauka. Idan aka ajiye aikinta gefen na wanda ya tsinto furanninsa daga intanet, alƙali ya duba minti ɗaya ya wuce, dole ta ji an tauye ta. Sai dai kuma kyamararta ta zamani ce, ba fim a ciki. Shin ita 'yar gargajiya ce ko 'yar zamani? Rabon nan gida biyu bai ma san inda zai ajiye ta ba.

Ni dai a nawa ra'ayi wahala kaɗai ba ta isa ta ci gasa ba. Da wahala ake bai wa lada, da mai faskare ya fi kowa kuɗi a gari. Kuma masu cewa aikin kwamfuta danna maɓalli ne kurum ba su taɓa gwada daidaita inuwar abubuwa goma da aka ɗauka a ranaku dabam-dabam ba, irin yadda Erik Johansson na Suwidin yake yi, wanda shi ma da kansa yake fita ya ɗauki kowane yanki, wani lokaci har ya gina ƙaramin samfuri, kafin ya zauna haɗawa.

Su masu shirya gasa sun bi hanyar raba rukuni ne. Gasar hotunan jarida da ta namun daji sukan nemi a kawo ainihin fayil ɗin da ya fito daga kyamara don a gwada. A 2015 gasar World Press Photo ta kori kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda gyaran da ya wuce ƙa'ida. Amma binciken fayil ba ya kama ɗan Cottingley. Gasar hoton namun daji da gidan tarihin halittu na Landan yake shiryawa ta ƙwace kyautar 2009 bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da aka ɗauka yana tsallake shinge na gida ne da aka horar. A 2018 kuma ta sake ƙwace wata kyautar, bayan masana sun ce dabbar nan mai cin tururuwa da aka ɗauka a wani gandun dajin Barazil matacciya ce da aka cusa wa kaya a ciki. Masu hotunan biyu duk sun musanta. A rukunin almara kuwa, inda kowa ya san tatsuniya ake yi, yawanci akan bar ƙofa a buɗe, sharaɗin da aka fi sawa shi ne kowane yanki na hoton ya zama mai shiga gasar ne ya ɗauke shi da kyamararsa.

Wannan sharaɗi ne aka girgiza a 2023. Wani Bajamushe mai suna Boris Eldagsen ya shiga rukunin ƙirƙira na gasar Sony ta duniya da hoton wasu mata biyu, fari da baƙi, kamar na shekarun 1940, ya kuwa ci. A wurin bikin ba da kyauta a Landan, cikin watan Afrilu, ya hau dandali ya ce ba zai karɓa ba, domin matan nan ba a taɓa haihuwarsu ba, ƙirƙirarriyar basira ce ta kwamfuta ta zana su bisa umarninsa. Ya ce ya shiga ne don ya gwada ko gasa ta shirya wa irin wannan, kuma a ganinsa abin ba hoto ba ne. Masu gasar suka ce ai ya sanar da su da hannun na'ura a aikin tun kafin a bayyana sakamako, shi kuma ya ce sun ƙi yarda a tattauna maganar a fili. Ko ma wane ne mai gaskiya, a nan na yarda an zo wata sabuwar gaɓa. Faifan Rejlander 30, da kwalin Elsie, da finafinan Uelsmann, da yankunan Johansson, dukkansu akwai ranar da haske ya sauka a kan wani abu ya shiga kyamara. A hoton Eldagsen babu wannan rana. Shi ya sa mai ɗakin duhu da mai Photoshop, waɗanda suka yi shekara 30 ba sa ga maciji, yanzu sukan sami kansu a layi ɗaya, har ka ji mai Photoshop yana kiran aikinsa na gargajiya.

A 2024 wani mai hoto da ake kira Miles Astray ya juya wasan. Ya ɗauki hoton wani tsuntsun ruwa mai dogayen ƙafafu, filamingo, a bakin teku a tsibirin Aruba, daidai lokacin da tsuntsun ya cusa kansa cikin jikinsa yana susa, sai ya fito kamar dunƙulen gashi a kan sanduna biyu, ba kai ba wuya. Ya shigar da shi rukunin hotunan ƙirƙirarriyar basira na gasar 1839 Awards, wadda aka sa wa sunan shekarar nan ta Daguerre. Alƙalai suka ba shi na uku, jama'a kuma suka zaɓe shi gwaninsu. Da ya bayyana cewa tsuntsun na gaske ne, kyamara ce ta ɗauke shi, sai aka soke nasarar tasa, aka miƙa kyautar ga waɗanda ke biye da shi.